Tambaya da Amsa: Supa gulu ya ƙi kama motar wasan yarona

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka min, motar wasa na saya wa autana da ƙaramar Sallah, tipa ce ta roba, ko sati biyu ba a yi ba yayansa ya taka ta bodin ya tsage gida biyu. Sau uku ina sa supa gulu sai ya yi kamar ya kama, yana ɗauka sai ta sake rabewa, gam ɗin ma ɓantarowa yake kamar ɓawon ƙwai. Jabu aka sayar min ko ni ce ban iya ba? Wallahi yaron nan ya hana ni sakat. Daga Maman yara, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman yara, sannu da fama. Kar ki yi saurin ɗora wa mai shago laifi, yadda kika ce gam ɗin na ɓantarowa ɗin nan, ni dai robar nake zargi. Ki kifa motar ki duba ƙasanta, wani lokacin za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. In kin ga 5 ko an rubuta PP, ko kuma 2 ko 4, to irin robar bokiti da jarka ce, fuskarta santsi gare ta kamar an shafa mata mai, ko kwalba goma kika juye ba zai kama ba. In babu alamar ki ɗan lanƙwasa gefen da ya tsage, in ya lanƙwashe ya yi fari-fari bai karye ba to ita ce.

Irin wannan wuta ce maganinta. Ki tare mai liƙin roba, masu yawo unguwa-unguwa ɗin nan da ɗan kaskon gawayi, zai sa ƙarfe a garwashi ya yi zafi sannan ya yanko guntun roba irinta yana narkawa yana bin tsagar da shi ta ciki har bakin biyu su zama abu ɗaya. Ba zai yi kyau kamar sabuwa ba, tabo zai fito, amma wane yaro ne ya damu da tabo? A tsakar gida za a yi fa, hayaƙin ba shi da kyau.

To in kuma roba ce mai tauri wadda in ta karye sai ki ji ƙas, kamar mai lamba 6 ko irin ta 'yan bulullukan wasan yara na Lego, wannan supa gulu na kama ta sosai. Ki kankare tsohon gam ɗin tas, ki wanke da sabulu ta bushe, ki ɗan goga sanfefa, sai ɗigo kaɗan a gefe ɗaya ki haɗa ki danne kamar minti ɗaya, ki ɓoye ta sai gobe. Yawancinmu labtawa muke yi, alhali yawansa hana shi bushewa yake. Danshin iska ne ke sa shi daskarewa shi ya sa da hunturu yake jan rai, ki ɗan hura masa hucin bakinki kafin ki haɗa. Wurin da ke ɗaukar nauyi kamar maƙalin taya kuwa gara gam mai tuf biyu da ake cakuɗawa irin Araldite.

Kar ki goge supa gulu da auduga ko bakin zani, zafi yake ɗauka har ya ƙona hannu. In yatsunki sun manne ki jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu kina murzawa a hankali, ban da fizga.

Ba ki faɗi shekarun autan ba. In bai kai 3 ba, ko har yanzu komai baki yake kaiwa, kar a liƙa ma, guntun da ya sake ɓallewa zai iya shaƙe shi. Ki lallaɓa ki jefar da ita yana barci, babansa ya sayo wata.