Gidan gado ya tsage, mu gyara harsashi ko mu jira mu rushe?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Gida ne munka gada wajen mahaifinmu nan Rijiyar Ɗorowa cikin Sakkwato, ginin ƙasa da anka yi ma yaɓen siminti. To bana bayan ruwan Agusta bangon ɗakin Inna ya tsage tun daga ƙasa har bakin taga, ƙofar ma sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. Yayana ya ce a bar shi, in Allah ya hore mu rushe mu yi na bulo, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Mi za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai a mai da Inna wani ɗaki, don Allah yau ba gobe ba. Ƙofar da ta ƙi rufuwa alama ce bangon yana motsi, kuma ginin ƙasa in ya sha ruwa ba ya sallama kafin ya zauna.

Sannan ka zagaya bayan ɗakin ka duba da idonka, galibi ruwa ne ke cin harsashi, ko indararo na zuba a gindin bango, ko kwata ta toshe, ko an haƙa shadda dab da ginin. Yaɓen simintin nan ma yana yaudara, waje sumul amma ciki danshi ya kwanta ya rasa mafita, ƙwanƙwasa da ɗan dutse ka ji, in yana ƙara kamar ganga to ya rabu da tubali.

Ka yi layi da fensir inda tsagar ta ƙare, ka auna faɗinta ka rubuta kwanan wata. In ta tsaya cak bayan an kawar da ruwan, gyara ya ishe ku, magini zai tona gindin kaɗan-kaɗan, kamar mita 1, ya cika da dutse da kankare ya bushe kafin ya matsa gaba, kar ku yarda a tone duka lokaci guda. In kuwa tana ƙara buɗewa ko bangon ya karkata, a kira injiniya, wataƙila ɗakin kaɗai za a sauke.

Maganar Yaya kuwa ina ganin girmansa, amma kuɗin suna hannu? Ga kamfanin siminti nan Kalambaina a bakin ƙofarmu, duk da haka a 2024 buhu sai da ya haura naira 10,000. Kuma gidan gado ne, rushewa sai kowane magaji ya yarda, har 'yan'uwanku mata. Ni dai gyara nake ba ku shawara, a yi shi cikin rani, kafin ruwan Yuni ya sauka.