Tsallen yaranmu a Ingila: dira ake fara koya musu

Malam, ka tambaya ko tsalle-tsallen da kake gani yaranmu na yi a bidiyo ba zai hana su tsawo ba. Ba ya hanawa. Ai da shi da langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya duk ɗanjuma ne da ɗanjummai, sai dai a nan ƙirga shi ake yi. Abin da ya sa muka riƙe shi kuwa, a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi a Mancesta, ga ruwa ga sanyi, babu dandali. Darasin motsa jiki na makaranta ba ya isa, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya minti 60 ta ce a kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17, da aikin ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana 3 a mako. Shi ya sa iyaye ke cike giɓin a gida ko bayan Islamiyya.

Makonni biyu na farko dira kawai ake koya. Yaro ya sauka a kan gaban tafin ƙafa, sannan diddige ya taɓa ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ya koma baya kamar mai shirin zama. Kunne ne alƙali: in ka ji tim, dirar ba ta yi ba. Babban kuskure shi ne gwiwoyi su faɗa ciki su kusa haɗuwa. A nan ake jin rauni, musamman 'yan mata da suka fara balaga.

Bayan nan, sau 2 a mako, da hutun kwana biyu a tsakani. A ɗumama jiki minti 5 zuwa 10, sai kowane irin tsalle sau 6 zuwa 10, a huta minti ɗaya, a maimaita sau 2 ko 3. Mai farawa, dira 50 zuwa 60 ta ishe shi a rana. Ƙafa biyu tukuna, ƙafa ɗaya daga baya. Akwatin da yaro zai yi tsalle ya hau kada tsayinsa ya wuce santimita 20 zuwa 30. Ciyawa ko daɓen katako, ban da siminti. Mu kanmu sai mun kula, don maƙwabcin da ke ƙasan bene ba ya yafe ƙara.

Cikin mako 6 zuwa 8 za ka ga tsalle ya ƙaru, gudu ya yi kaifi, amma kada ka jira ƙwanji. Kafin balaga ƙarfin daga jijiyoyi yake zuwa, ƙwaƙwalwa ce ke koyon tayar da tsoka da sauri. Ƙashin ƙugu ma yana ƙara ƙwari, sai dai wannan aikin watanni ne.

In yaro mai saurin tsawo ya yi kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige, wurin da ƙashi ke tsiro ne jijiya ke ja. A dakatar, a ga likita. 'Yan mata da dogon wando da hijabi marar fil suke yi. Da azumi kuwa, mai azumi sai bayan shan ruwa, a kuma rage rabi.