Yawon ƙafa a Solna: ba ɗan sanda ne abin tsoro ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da na biyo maigidana Suwidin, yana karatu, muna zaune a Solna, gefen birnin Stokholm. Zaman ɗaki ya ishe ni da yara biyu. Ina so mu riƙa fita da ƙafa, amma an ce mini dajin Haga filin sarauta ne, wai ana kama wanda ya shiga ba izini. Akwai kuma wata tsohuwar coci kusa da mu da nake son gani. Gabana faɗuwa yake, kada in jawo wa maigida matsala a takardunsa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, wanda ya faɗa miki haka bai taɓa leƙa wurin ba. Shiga Haga kyauta ne. Abin da aka killace shi ne gidan da Gimbiya Victoria mai jiran gado take zaune tun 2010, shingensa kuma a fili yake. Ƙasar nan ma tana da ƙa'idar allemansrätten, wadda ta ba kowa, har baƙo, damar ratsa daji da fili, muddin bai kutsa harabar gidan wani ba, bai yi ɓarna ba.

Ki fara da cocin. Tsakiyarta zagayayye ne kamar rumbu, da dutse aka gina shi a ƙarshen ƙarni na 12, kaurin bangon kaɗai zai nuna miki har mafaka ce a lokacin hari. In ƙofa a buɗe take ba mai tambayar addininki; hukuncin shiga kuwa na malamai ne, daga waje ma kin ga abin kallo. Maƙabartar Norra tana manne da ita, a nan kabarin Alfred Nobel, wanda ya kafa lambar yabo ta Nobel, yake. Daga can sai ku tsallaka babban titi ta gadar masu ƙafa ku faɗa Haga. Sarki Gustav na Uku ne ya tsara wurin. Yara za su so tantunan jan ƙarfe masu launin shuɗi da ruwan zinariya, ni kuwa na fi son kangon fadar da ya fara ginawa, aikin ya tsaya cak da aka harbe shi a 1792. Harsashin na nan cikin itatuwa.

To yanzu ga abin da ya kamata gabanki ya faɗi a kai: kaska. Kusan duk ɗan ƙasarmu da na zagaya da shi sai ya yi dariya ya ce, "Kaska ai ta shanu da karnuka ce." Wannan dariyar ta ishe ni. Ta nan, da suke kira fästing, ba irin ƙatuwar da muka saba cirewa a kunnen kare ba ce. Ƙaramarta ba ta kai ƙwayar riɗi ba, tana maƙale a doguwar ciyawa, cizonta ba zafi, sai ta kwana a bayan gwiwar yaro ba wanda ya sani. Daga bazara har kaka tana nan.

Manyan cututtukan da take ɗauka biyu ne. Ta farko, Borrelia, ana maganinta da ƙwayoyin likita, alamarta jan zobe mai faɗaɗa a inda ta ciza. Sai dai a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, ya fi kama da tabo mai duhu, shi ya sa namu ke makara. Ta biyun, TBE, kumburin ƙwaƙwalwa take iya kawowa, ba ta da magani sai riga-kafi, yankin Stokholm kuma yana cikin inda aka fi samunta. Allurar ba sau ɗaya ba ce, biyu ne da tazara, ta uku bayan watanni, don haka a fara da wuri.

Sai likitocin WhatsApp. Wai a shafa man shanu, wai a ɗiga turare, wai a kanga mata ashana ta saki da kanta. Don Allah a bari! Ɓata lokaci ne kawai, tana ci gaba da tsotso, ga ƙuna a fatar yaro. Ki sayi hantsaki a Apotek, wato kantin magani, ki kama ta dab da fata, ki ja a hankali a miƙe, ki wanke da sabulu. In ɗan bakinta ya rage, ba abin tona fata da allura ba ne, jiki zai fitar da shi.

Ku sa dogon wando mai haske, a cusa ƙafarsa cikin safa. Kan hanyar tsakuwa da ciyawar da aka aske haɗarin kaɗan ne, a cikin duhuwa ne take jira. Da kun dawo a tuɓe yara a duba bayan kunne, gindin gashi, hammata, cibiya da matsematsi. Duba har cikin kitso. In zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani ya biyo baya cikin makonni, ki kira 1177, layin ba da shawarar lafiya, ki ce kaska ta ciji yaron, ki faɗi ranar.