Tambayoyinku: Fuska Ruwa Biyu, Hanci Na Maiƙo Kumatu Na Bushewa

Wasiƙu da dama da suka iso wannan shafi a makonnin nan kuka ɗaya suke yi, ko da yake kowa da irin kalmomin da ya bayyana nasa. Goshi da hanci suna ƙyalli kamar an shafa musu man gyaɗa, kumatu kuwa suna ɗaurewa suna yin furu-furu, mai fuskar kuma ya rasa wanne zai bi a cikinsu. Na zaɓi biyar daga ciki, na ɗan taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce mai shekara 22 a Zariya. Kullum kafin azahar goshina da hancina sun jiƙe da maiƙo, hoda ba ta zama, amma da zarar na wanke fuska sai kumatuna su ɗaure su yi fari. Ina wankewa da sabulun wanka sau huɗu ko biyar a rana, abin kuma bai ragu ba. Cuta ce? Wane mai zan saya, na masu maiƙo ko na masu busasshiyar fata?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba cuta ba ce, halittar fatarki ce, kuma masu irinta suna da yawa ƙwarai. A ƙarƙashin fata akwai wasu ƙananan jakunkuna masu samar da maiƙo, kowace tana zubar da nata ta ƙofar gashi, kuma ba a raba su daidai a fuska ba, domin sun fi yawa sun kuma fi girma a goshi da karan hanci da haɓa, a kumatu kuwa kaɗan ne. Idan kika ja layi a kan wuraren da suka fi yawa za ki ga siffar harafin T na boko. Sinadaran jiki da ke tashi lokacin balaga su ne ke zuga waɗannan jakunkuna, shi ya sa abin ya fi tsananta a shekaru irin naki, yakan kuma ƙaru ga wasu mata idan al'ada ta kusa, sannan ya lafa da kansa yayin da shekaru suka ja. Gado ma yana da hannu a ciki.

Kafin ki kashe ko kwabo, ki tabbatar da irin fatar. Ki wanke fuska, ki tsane ta, kada ki shafa komai, ki jira kamar awa ɗaya a inuwa, sannan ki danna siririyar takardar goge hannu a goshi da hanci, wata kuma a kumatu. Idan ta farko ta ɗauki maiƙo ta biyu ta fito a bushe, to fuskarki ruwa biyu ce.

Babban abin da ke ɓata miki aiki shi ne sabulun nan. Saman fatar mutum yana da ɗan tsami-tsami wanda ke kare shi, a ma'aunin da masana ke kira pH yana wajen 5, alhali sabulun wanka na sanda yana kaiwa 9 ko 10, wato ya karkata ɓangaren kanwa. Duk wanki ɗaya yana kwashe ɗan kitsen da ke liƙe da ƙwayoyin fata, wanda shi ne ke hana ruwan cikinta tsirarewa. Hanci yana da masana'antarsa, cikin awa biyu ko uku ya mayar da abin da aka kwashe, amma kumatu ba su da wannan gata. Hausawa na cewa abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa. A fuskarki kuwa hanci ne ya yi laifi, kumatu ke shan duka sau biyar a rana, shi kuma mai laifin ko gezau.

Saboda haka ki rage wanki da abin wanke fuska zuwa sau biyu, safe da dare, ki nemi na ruwa mai laushi wanda ba ya kumfa da yawa, ki yi amfani da yatsunki da ruwa mai ɗumi kaɗan, ki bar soso ga sauran jiki. Alamar cewa ya dace da ke ita ce fuska ba za ta ɗaure ba bayan kin tsane ta. Game da mai kuwa, ki sayi marar nauyi wanda ruwa ya fi yawa a cikinsa, mai ɗauke da gilisarin, ki shafa kaɗan a fuska duka tun tana da ɗan danshi, sannan ki ƙara wani a kumatu kawai. Idan ƙofofin hanci suna toshewa suna yin baƙin ɗigo, sinadarin salisilik mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ko ƙasa da haka yana taimakawa, domin yana narkewa cikin maiƙo ya shiga ƙofar gashin. Ki shafa shi a goshi da hanci da haɓa kaɗai, dare biyu ko uku a mako. Maiƙon rana kuma takarda ce maganinsa, ki danna ta ki ɗaga ba tare da gogewa ba, kafin ki ƙara hoda. Ki ba wannan tsari mako shida zuwa takwas kafin ki yanke masa hukunci, don fata ba ta sauya hali a kwana uku, ko da mai talla ya rantse.

Hajiya, ina gaishe ki daga Maraɗi. Da damina fuskata lafiya lau, maiƙon hanci kawai nake fama da shi, amma da hunturu ya shigo sai kumatuna su yi kaushi har su riƙa zafi bayan alwala. Idan na shafa man kaɗanya sai ƙananan ƙuraje su feso mini a goshi. Yaya zan yi?

Ina amsawa, 'yar'uwa. Mai irin fatarmu a wannan yanki tamkar mai fuska biyu ne a shekara, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe mai ɗaya tun daga Janairu har Disamba. Da damina iska tana ɗauke da laima, kumatu suna samun abin da ya ishe su ba tare da taimako mai yawa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa iskar da ke sauko mana daga Sahara busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwa daga duk abin da ta tarar, tun daga shanya har fatar mutum.

Ruwan alwala ba shi ne mai laifi ba, abin da ke biyo bayansa ne. Idan aka bar jiƙaƙƙiyar fuska ta bushe a iskar hunturu, ruwan da ke tashi yana tafiya da wani ɓangare na danshin fatar, kuma ana maimaita haka sau da yawa a yini. Ki ajiye ƙaramin mai kusa da dardumarki ko cikin jaka, bayan alwala ki tsane fuska a hankali, ki ɗan shafa a kumatu tun ba su gama bushewa ba. Ki kuma guji ruwa mai zafi sosai da asuba, duk da na san daɗinsa a sanyin Janairu, domin zafin ruwa yana narkar da kitsen fata kamar yadda yake narkar da maiƙon kwano.

Man kaɗanya abu ne mai kyau, ban ga dalilin da za ki rabu da shi ba. Wurin shafa shi ne za ki gyara. Ki murza ɗan mitsitsi a tafin hannu har ya narke, ki dafa shi a kumatu da gefen baki da dare, goshi da hanci kuma ki bar su da mai marar nauyi. Amma akwai abin da nake zargi game da ƙurajen goshin, wato man kitso. Man da ake shafa wa kai yana gangarowa da gumi zuwa bakin gashi, ɗankwali ko hijabi ya danne shi a wurin yini guda, ƙofofin gashi su toshe, ƙananan ƙuraje su jeru a saman goshi, kuma likitocin fata sun daɗe da sanin wannan nau'in ƙuraje. Ki duba ko naki a bakin gashi suka fi taruwa. Idan haka ne, ki riƙa tsayar da man kai ɗan nesa da goshi, ki kuma yawaita wanke ɗankwalin ciki da rigar matashin kai.

Anti, bikina saura wata biyu. Ƙawata ta ce in riƙa goga lemon tsami a hanci saboda maiƙo, in wanke da sabulun salo, sannan in fara dilka tun yanzu don tabban ƙuraje su goge. Mene ne ra'ayinki?

Allah ya sanya alheri, amarya, ya kai mu lokacin. Lemon tsami dai ki bar shi a kicin. Tsaminsa a ma'aunin da na ambata a sama yana wajen 2, ya fi ƙarfin fatar fuska nesa ba kusa ba, kuma idan ruwansa ya zauna a fata rana ta doke shi yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo na watanni. Baƙar fata tana da wata ɗabi'a da ya kamata kowace mace ta sani: duk inda ta ji ciwo, ko ta ƙuna, ko aka dirje ta, ko aka matse ƙurji, da ƙarin baƙi take mayar da martani. Ke nan mai dirzar tabo da ƙarfi tabon take ciyarwa.

Sabulun salo da toka ake haɗa shi, don haka shi ma ɓangaren kanwa yake, kuma ƙarfinsa ya danganta da hannun wadda ta dafa shi. Hancinki zai iya jurewa, kumatunki ne abin ji. Idan kina son sa, ki yi kumfarsa a hannu, ki taɓa tsakiyar fuska da ita sau ɗaya ko biyu a mako, ki ɗauraye nan take. Dilka kuma, wadda ta zo mana daga Sudan ta hanyar Borno, gwanar gyaran jiki ce, amma ki roƙi mai yi miki ta sassauta hannu a fuska, ta kuma tsallake duk inda ƙurji yake ɗanye. Abin da zai fi yi wa tabbanki amfani a wata biyun nan shi ne man kariya daga rana mai lamba SPF 30 kowace safiya, tare da niyasinamaid mai ƙarfin kashi 4 ko 5 cikin 100, wanda ke rage tabo da maiƙo a hankali ba tare da ya busar da kumatu ba. Idan biki ya rage mako biyu, kada ki gwada wani sabon abu a fuskarki, ko wace ce ta kawo shi.

Anti, na sayi wani man haɗi a hannun wata mata, ba suna a jikin robar. Watan farko fuskata ta yi sumul ta yi haske, maiƙo da kaushi duk suka tafi. Yanzu wata biyar, ƙuraje sun cika ta, kumatuna sun yi ja, idan na daina shafawa kwana biyu sai ƙaiƙayi da raɗaɗi.

Baiwar Allah, abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da aikin sitiroyid, maganin da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don kumburin fata, wanda masu haɗa man bilicin ke zubawa a ɓoye saboda saurin hasken da yake kawowa. Da farko yana kwantar da komai, daga baya ya sirantar da fata, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, wani lokaci har da nankarwa, fatar kuma ta saba da shi ta yadda barinsa ke tayar da ita. Wannan ya wuce batun fuska ruwa biyu, kuma ba zan ba ki haɗin gida a kansa ba. Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata, akwai su a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, domin wadda ta yi wata biyar tana shafawa takan buƙaci a janye mata shi sannu a hankali tare da maganin da zai riƙe fatar. Nan gaba kuma, duk man da ba shi da jerin abubuwan da ke cikinsa da lambar NAFDAC, kada ya kusanci fuskarki.

Hajiya, ni namiji ne, direban Adaidaita Sahu a Kano. Gefen hancina da girata da cikin gemuna suna maiƙo, amma kuma suna ɓarewa kamar dusa, wurin ya yi haske. Na shafa basilin, abin bai tafi ba. Ni ma fata ruwa biyun ce da ni?

Malam, sannu da aiki, kuma na ji daɗi da namiji ya rubuto. A fata ruwa biyu wurin da ke maiƙo daban, wurin da ke bushewa daban. Kai kuwa maiƙon da ɓawon a wuri ɗaya suke, kuma wuraren da ka lissafa su ne ainihin mazaunin amosanin fuska, ɗan'uwan amosanin kai. Ina kyautata zaton idan ka sosa kanka za ka ga yana zuba. Wani ƙwayar yis ne da ke rayuwa a fatar kowa yana cin maiƙo, sai fatar wasu ta ƙi jituwa da shi ta riƙa ɓarewa, a baƙar fata kuma wurin yakan yi haske har a ɗauka ƙyasbi ne. Basilin yana kwantar da ɓawon na 'yan awoyi ne kawai, bai taɓa tushen ba. Ka nemi sabulun wanke kai na ruwa mai ketokonazol kashi 2 cikin 100 a kemis mai rajista, ka wanke kai da gemu da gefen hanci da shi sau biyu a mako, kana barin kumfar minti uku zuwa biyar kafin ka ɗauraye, ka kiyaye idanunka. Ƙurar titi da gumin yini kuma ka wanke su da dare kafin ka kwanta. Abu ne mai tafiya ya dawo, musamman da hunturu, don haka bayan ya lafa ka ci gaba da wankin sau ɗaya a mako. Idan ka yi wata guda ba ka ga sauƙi ba, ko hasken ya bazu zuwa wuya da ƙirji da baya, ka je asibiti a duba maka.