Waken GMO a Kasuwar Mile 12: Wa Ya Ba da Izini, Wa Ya Biya Kuɗin Binciken?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar wake ne a Mile 12, Legas. Kwanan nan masu saye sun dame ni da tambayar ko waken da nake aunawa na GMO ne, wasu har cewa suke Turawa ne suka shigo da shi don su cutar da mu. Shin gwamnati ta san da shi? Wa ke sa ido a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Gwamnati ta sani, ita ce ma ta ba da izini. Tun 2015 aka kafa hukumar NBMA da doka, wadda ke sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wato GMO, kuma ba a halatta shuka ko shigo da shi sai da takardarta. A 2019 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da sababbin dabarun gyaran ƙwayar halitta.

Waken da ake magana a kai sunansa SAMPEA 20-T, kuma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, aka samar da shi ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An amince da shi a 2019. An ɗauko ƙwayar gado ɗaya daga wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ake kira Bt, aka sa a jikin waken, sai ya riƙa kashe tsutsar maruka mai cin fure da kwanso. Manomin da kan yi feshi sau 6 zuwa 8 a damina, yanzu kamar sau 2 ya ishe shi. Manoma sun daɗe suna fesa wannan Bt ɗin a gonaki a duniya, kuma a fahimtata waken ba abin tsoro ba ne a tukunya.

Abin da ya fi damuna a harkarku shi ne maganin da ake zuba wa wake a buhu don kashe ƙwari. Saboda irinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Sabon irin ba ya kare wake daga ƙwaron ajiya, don haka ka rungumi buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska.

Amma masu sayen naka ba su yi laifi ba da suka yi zargi. Masananmu ne suka yi aikin, sai dai ƙwayar gadon daga kamfanin waje ta fito, an yi haɗin gwiwa da masana na Ostireliya da gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi, kuma hukumar USAID ta Amurka ta zuba kuɗi. A nan Legas ne shugabannin Afirka suka zauna a 1980 suka amince kowace ƙasa ta kai ga ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta don kimiyya da fasaha. Har yau Nijeriya ba ta kai nan ba. Akwai asusun bincike na TETFund, amma bai wadatar ba. In kullum baƙo ne ke biyan kuɗin gwaji, dole talaka ya tambayi me baƙon ke nema, kuma dole mu ba shi amsa ba tare da raini ba. Lokacin da aka saki masarar TELA, wadda ita ma GMO ce, a 2024 gardamar ta sake tashi, har Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike.

Sannan ga batun alama. Ƙa'ida ta ce a rubuta a jikin kaya, to amma wake da mudu ake sayar da shi. Kafin tirela ta taso daga Dawanau ta iso Legas, waken manomi nawa aka gauraya? Da ido ba za ka bambance su ba, sai an kai ɗakin gwaji. Saboda haka kada ka rantse wa mai saye cewa naka ba shi ba ne, ka gaya masa iyakar abin da ka sani. Ku kuma sa ƙungiyarku ta 'yan wake ta rubuta wa NBMA da NAFDAC, wadda ke da ɗakin gwaji a Oshodi, ku nemi a riƙa ɗibar samfuri daga kasuwa da kuɗin gwamnati, a gwada har da ragowar maganin ƙwari, a kuma bayyana sakamakon da Hausa da Yarbanci.