Tylecodon ta zubar da ganye a bazara: ta mutu ne?

Tambaya: Ƙanena ya kawo mini wata ƴar shuka mai kaurin jiki daga Afirka ta Kudu, an rubuta Tylecodon a jikin tukunyar. Da sanyi ta yi ganye shar, amma tun watan Maris ganyen ya zube duka. Na ƙara mata ruwa, ba ta farfaɗo ba. Ta mutu ne? Daga wata mai karatu a Yamai.

Amsa: Hajiya, kafin komai ki daina ba ta ruwa. Ki latsa gindinta da yatsa. In da tauri, tana da rai, barci take yi. In ya yi taushi yana wari, ruɓa ta kama ta.

Asalin wannan shuka yammacin Afirka ta Kudu ne da kudancin Namibiya, musamman yankin Namakwaland. A can ruwan sama da sanyi yake zuwa, lokacin zafi kuwa fari ne. Shi ya sa take fitar da ganye da sanyi, zafi na shigowa ta zubar, ta rayu da ruwan da ta tara a jikinta. Furenta ma sai ganyen ya zube yake fitowa.

Matsalar ita ce mu a nan ruwa da zafi tare suke zuwa mana. Bazarar Yamai, da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu, tana wahalar da ita, amma damina ta fi kashe ta. Saiwar da ke barci ba ta shan ruwa, sai ta zauna cikin laima da ɗumi har ta ruɓe. Saboda haka daga Maris har ƙarshen Oktoba ki ajiye ta a inuwa mai iska, inda ko feshin ruwan Agusta ba zai taɓa ta ba. In kin ga jikin ya yanƙwane sosai, ɗan yayyafi a gefen tukunya da yamma ya isa.

Iskar hunturu na kaɗawa a Nuwamba za ki ga tsiro a kan rassan. A nan ne za ki fara ban ruwa: ki zuba har ya fita ta ƙasa, kada ki ƙara sai ƙasar ta bushe ƙarau. Ki bar ta ta sha hantsi. Tukunyar ƙasa mai huji ta fi ta roba, a cika ta da yashi mai tsakuwa da marmara, taki kaɗan kawai. In ruɓar ta riga ta shiga, ki yanke reshen da bai taɓu ba, ya sha iska a inuwa har bakin ya bushe, ki dasa shi in sanyi ya zo.

A ganina, sanyinmu ya yi mata gajarta, kada ki sa ran za ta yi girma da sauri. Mai son shuka irin wannan ba tare da wahala ba, shukar kariya tamu ta gida ta fi masa, don ita da damina take girma.

Sannan Tylecodon tana da guba. Makiyayan Afirka ta Kudu sun san ta da kashe awaki da tumaki. In kina kiwon ragon layya ko akuya a gida, ki ɗora tukunyar inda ba za su kai ba, ganyen da ya zube ma ki share, ki kuma hana yara wasa da shi.