Fentin mota a kan ƙaramar Charger ta roba

Malam, ka ce kana son fesa ragowar fentin motarka a kan ƙaramar Dodge Charger 1969 ta roba, ƙirar kamfanin Revell, mai sikelin 1:25, wato tsawonta kashi ɗaya cikin 25 na ainihin motar. Zai yi, amma kada ka fesa kai tsaye. Tinar da ke cikinsa, wato sinadarin da ke tsinka fenti, tana cin roba, sai ka ga bodin ya yamutse, gyaransa kuwa aiki ne ja.

Fara wanke bodin da sabulu, ka goge da samfefa mai laushi, lamba 1000, sannan ka sa firama, wato shafin farko da ake yi kafin fenti. Fesa fentin kaɗan-kaɗan daga nesa, kana bari ya sha iska. Ni dai a bayan cokalin roba nake fara gwadawa.

Injin kuma, in samfurin 426 Hemi ne, fenti ruwan lemo ake yi masa.